Kafin ki rubuta "ciwon kafin haila ne", ki nemi kaye da biro

Ƴan'uwa mata masu rubuta wa jama'a bayanin lafiya a nan Damagaram, ga shawara.

In mace ta kawo miki kukan fushi, ƙunci ko yawan kuka kafin al'ada, kada ki yi saurin laƙaba wa abin suna.
Ki ce ta sami kaye, wato littafin rubutu. Kowane dare ta rubuta yadda ta yini, ta sa maki daga 1 zuwa 6 gwargwadon tsananin abin da ta ji, ta yi alama a ranar da jini ya zo. Ta yi haka har al'ada biyu.

Dalili? Tunawa tana ruɗin mutum, rubutun kullum ba ya ruɗi.
Ciwon kafin haila mai tsanani da likitoci ke kira PMDD, wanda littafin DSM-5 na likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya amince da shi a 2013, da irin wannan rubutu ake tabbatar da shi. Alamomi aƙalla 5, su taso a satin ƙarshe kafin jini, su lafa kwanaki kaɗan bayan ya zo.
Kayen zai hana ta zubar da kuɗi wurin masu tallar magani, kuma shi za ta miƙa wa likita ko ungozoma.

Ke ma, kada ki rubuta cewa wani jiƙo yana warkarwa don kawai maƙwabciya ta sha ta ji sauƙi. Ki faɗi inda kika samo maganar.

Dabarar ba ta aiki sosai ga mai shayarwa ko wadda al'adarta ta rikice. In kuma ƙuncin bai ɗagawa daga farkon wata har ƙarshe, wataƙila ciwon damuwa ne.

Wadda ke tunanin halaka kanta kuwa, babu jiran wata biyu. A kai ta asibiti yau.