Imel ya maƙale a Outlook: yadda ake gano ƙofar da ta toshe tsakanin kwamfuta da sabar kamfani

Da zarar ma'aikaci ya ce imel ya ƙi fita, yawanci sai a garzaya a sauya masa kalmar sirri. Ka dakata tukuna. Kalmar sirri ita ce abu na ƙarshe da sabar ke tambaya. Kafin a zo kanta, sai kwamfuta ta gano adireshin sabar (babbar kwamfutar da ke karɓa da aika imel), ta ƙwanƙwasa ƙofar da ta dace, sannan su biyun su yi yarjejeniyar ɓoye bayanai ta TLS. Kuskure irin 0x800CCC0E a Outlook yana nufin ba a ma kai ga haɗuwa da sabar ba, don haka kalmar sirri ba ta da laifi.

Ƙofa a nan ita ce lambar da aka rubuta a gurbin Port cikin saitin asusu. IMAP da POP3 hanyoyi biyu ne na karɓar saƙo: ƙofar IMAP 993 ce, ta POP3 kuma 995. 143 da 110 su ne tsofaffin lambobinsu. Aikawa 587 ne ko 465. Ita 25 ta zirga-zirga ce tsakanin saba da saba, kuma kamfanonin intanet da yawa suna toshe ta saboda masu watsa saƙonnin banza, to kada ka sa wa ma'aikaci ita. Idan kuwa asusun Exchange ne, wato sabar imel ta Microsoft, Outlook na kwamfuta ba ya bin ko ɗaya cikin waɗannan, 443 yake bi.

Fara da sunan sabar. Buga nslookup mail.example.com, ka sa sunan sabarku a madadinsa, ka duba adireshin da ya dawo. Idan imel na aiki a gida amma ya ƙi a cikin ofis, yawanci daga nan ne: DNS na ciki, wato hidimar da ke fassara suna zuwa adireshi, ya bayar da adireshin waje, na'urar da ke bakin hanyar ofis kuma ba ta iya juyo da zirga-zirgar ciki ba. Maganinsa a sa wa DNS na ciki adireshin sabar na ciki.

Sai ƙofar kanta. A PowerShell, tagar buga umarni ta Windows:

Test-NetConnection mail.example.com -Port 993

Layin TcpTestSucceeded kaɗai za ka duba. Kada ping, umarnin gwada ko na'ura na amsawa, ya ruɗe ka, domin sabobi da yawa ba sa amsa shi alhali lafiyarsu ƙalau. Idan layin ya ce False, a nan ne ya kamata ka nutsu, domin rashin haɗuwa iri biyu ne, kuma umarnin telnet ko nc, masu ƙwanƙwasa ƙofa kai tsaye, sun fi nuna bambancin. In an ƙi ka nan take, to saƙonka ya isa, amma ba abin da ke sauraro a ƙofar: wataƙila hidimar IMAP a kashe take, wanda haka Exchange ke zuwa tun farko har sai an kunna. In kuwa shiru ka ji har lokaci ya ƙare, akwai katangar tsaro (firewall) a hanya da ke zubar da bayanan da ka aika ba tare da ta ce uffan ba. Don ka san ta wane ɓangare take, ka haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayarka ka sake gwadawa. Ya wuce? Katangar ofis ce ko VPN. Bai wuce ba? Duba manhajar riga-kafin ƙwayar cuta da ke kan kwamfutar, musamman sashenta na binciken imel, sannan ɓangaren sabar.

Ƙofa na iya buɗewa amma magana ta ƙi yiwuwa. Babban dalili shi ne haɗa lamba da nau'in tsaron da ba nata ba. A 465 da 993 da 995, TLS ake farawa da shi tun daga gaisuwa, don haka SSL/TLS za ka zaɓa. A 587 da 143 ana fara gaisawa a fili, sannan a rufe da STARTTLS. Ka sa STARTTLS a kan 465, sai kowa ya zauna yana jiran ɗan'uwansa ya fara magana har lokaci ya ƙare. Gwada da kanka:

openssl s_client -starttls smtp -connect mail.example.com:587

Ga 993 sai ka cire -starttls smtp ka sauya lambar. Karanta takardar shaidar sabar (certificate) da ta fito: ranar ƙarewarta, da ko sunan da ke jikinta ya dace da wanda aka rubuta a Outlook. Wanda ya rubuta adireshin IP a madadin suna zai yi ta samun gargaɗi. Ka leƙa agogon kwamfutar ma. Batirin CMOS, mai riƙe agogon kwamfuta, idan ya mutu yakan mayar da kwanan wata baya, sai takarda mai kyau ta zama kamar lokacinta bai yi ba. Tsofaffin na'urori, irin injin sikana da ke aika imel, sukan tsaya a TLS 1.0 ko 1.1, waɗanda aka ayyana daina amfani da su a 2021.

Akwai wata alama da ta cancanci a haddace. Idan ka yi telnet zuwa 25 ka ga 220 sai jerin taurari a madadin sunan sabar, to binciken zirga-zirgar imel (ESMTP) na katangar tsaro ƙirar kamfanin Cisco ne ya shiga tsakani, kuma yana iya ɓoye STARTTLS. Sai an kashe wannan binciken ko an gyara shi a katangar.

Sai duk waɗannan sun wuce ne za ka waiwayi shiga asusu. Amsar 535 na nufin an ƙi suna ko kalmar sirri. 530 na nufin sabar na neman STARTTLS ko tantancewa kafin ta karɓi saƙo. A Exchange Online, Microsoft ta fara rufe tsohuwar hanyar shiga da suna da kalmar sirri kawai ga IMAP da POP tun Oktoban 2022, don haka manhajar da ba ta iya OAuth ba, wato sabuwar hanyar tantancewa, za ta yi ta neman kalmar sirri ko da daidai ka rubuta. Sabunta manhajar, ka cire asusun ka sake ɗora shi.