Yadda na rabu da ciwon gwiwa a shikko

Wata uku ina fama da gwiwar dama duk ranar da muka yi suwari waza, wato dabarun da ake yi a durƙushe a aikido, wasan kare kai na Japan. Ta gefen ciki zafin yake, ya fi tsanani a shikko, tafiyar nan a kan gwiwoyi.

Na ɗaure gwiwar da bandeji, na shafa man zafi, har taurin tatami, tabarmar da muke atisaye a kai, na zarga. Duk a banza.

Sai da malaminmu ya tsaya a bayana ya gano matsalar: dugadugaina rabewa suke yi, ƙafar baya tana jan ƙasa, gwiwa ke murɗewa maimakon ƙugu. Ya sa na zauna a kiza, yatsun ƙafa a kafe, dugadugai a haɗe. In ɗaga gwiwa ɗaya, in juya ƙugu, dugadugan biyu su taho tare, sannan in sauke gwiwar a hankali, ban da bugawa. Sati biyu ina ɗaure idon sawuna biyu sako-sako da ɗamarata, taku 10 gaba, 10 baya. A seiza kuwa, wato zaman durƙuso a kan dugadugai da yatsun ƙafa a kwance, naɗaɗɗen tawul nake cusawa a bayan gwiwa, minti 2 kacal in miƙe.

A sati na huɗu zafin ya ɗauke. Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa malam da alheri.