Yadda ake duba tsohuwar jitar Rickenbacker mai tsirkiya 12 kafin a saya

Jitar lantarki ta Rickenbacker 360/12 ta yi suna tun da aka ba George Harrison na ƙungiyar mawaƙa ta Beatles guda ɗaya a birnin New York, cikin watan Fabrairun 1964. Yau na shekarun 1960 sun yi tsada, don haka kar ka zaro kuɗi sai ka juya ta ciki da bai.

Fara da kan jitar. Kamfanin, wanda ke Santa Ana a jihar Kalifoniya ta Amurka, bai tsawaita kan ba don a sami wurin maɗauran tsirkiya 12. Shida suna nan a gefe kamar na kowace jita, sauran shidan kuma suna cikin tsagu biyu, kunnuwansu na kallon baya. Ni dai wannan dabarar ta fi burge ni a duk jikinta. Duba bakin tsagun da kyau ko akwai tsagewa ko alamar gam.

Daga nan sai jerin tsirkiya. Bibbiyu suke tafiya. A huɗun farko ana haɗa mai kauri da siririya, biyun ƙarshe kuwa tagwaye ne masu murya ɗaya. A yawancin jitoci siririyar ce hannu ke fara taɓawa idan ka kaɗa zuwa ƙasa, amma a Rickenbacker mai kaurin ce a gaba. In ka ga an juya su, wani ya taɓa ta.

Shekararta tana cikin lambar da ke kan ƙarfen da ake soka waya. Harafin farko shekara ne, A na 1961, D na 1964, E na 1965, na biyu kuma wata.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu: wuya. Ɗaga jitar, ka runtse ido ɗaya ka hango tsawonsa daga kai. Tsirkiya 12 ja suke da ƙarfi, shekara sittin kuwa ba kwana sittin ba ce. Sanda biyu na ƙarfe ne a cikin wuyan, kuma na tsoffin ba a murɗa su kai tsaye. Sai an lanƙwasa wuyan da hannu zuwa inda ake so, sannan a ɗaure noti. Wanda bai sani ba ya matsa da ƙarfi, allon da yatsu ke dannawa sai ya ɓalle daga wuyan. Shafa wurin da yatsa kusa da kai, don a nan ɓarnar ke fara nunawa.

Sannan ka jona ta da lasifika. Gwada na'urorin ɗaukar sauti guda biyu ɗaya bayan ɗaya, ka murɗa maɓallai biyar ɗin, har da ƙaramin nan na ƙasa, ka saurara ko akwai ƙarƙara. In sauti ya ɗan kauce a can ƙasan wuya kar ka tsorata, tsohuwar gadar da tsirkiya ke hawa a jikin jitar mazauni shida gare ta, tsirkiya biyu a kan kowane.