Yadda za a sha imatinib ba tare da wani abu ya ɓata masa aiki ba

Imatinib, wanda aka fi sani da Glivec, ƙwaya ce da ake sha don wani nau'in sankarar jini mai tafiyar hawainiya da ake kira CML, kuma tun 2001 aka amince da shi a Amurka. Yawancin manya miligiram 400 suke sha a rana, amma hanta ce ke sarrafa shi da wani sinadari mai suna CYP3A4, kuma duk abin da ya taɓa wannan sinadari, to, ya sauya yawan maganin da ke yawo a jini.

Saboda haka, kafin ka haɗiyi ƙwayar farko, ka rubuta duk abin da kake sha, har da na gargajiya da wanda ka saya ba da takardar likita ba, ka nuna wa likitanka. Rifamfisin na tarin fuka shi ne abin tsoro, domin yana zaftare kusan kashi uku cikin huɗu na imatinib daga jini, sai mutum ya yi ta shan magani a kan ƙa'ida alhali cutar tana samun sarari. Fenitoyin da karbamazefin na farfaɗiya ma haka suke yi. Ketokonazol na cututtukan fungas da kilaritoromaisin na kashe ƙwayoyin cuta kuwa akasin haka suke yi, suna sa maganin ya taru. Shi ma imatinib yana ƙara ƙarfin wasu, kamar simbastatin na rage kitsen jini, kuma mai shan wafarin na tsinka jini akan sauya masa da hefarin, wata allurar tsinka jini. Ko farasitamol, da ake raina shi, kada ka yawaita shi ba da sanin likita ba.

Batun abinci mai sauƙi ne. Ka sha maganin tare da abinci da babban kofi na ruwa don kada ya dami ciki, ka kuma bar lemun garehul da ruwansa gaba ɗaya, domin yana sa maganin ya taru.

Mai ciwon hanta ko ƙoda ko zuciya ya faɗa tun farko. Akan gwada cutar hanta nau'in B kafin a fara, domin maganin kan tayar da wadda ta kwanta. Imatinib yana tara ruwa a jiki, don haka ka riƙa auna nauyinka, kuma idan ya ƙaru farat ɗaya, ko ƙafa ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ka nemi likita a ranar. Mace kuwa ta guji ɗaukar ciki muddin tana shan sa.