Yadda ake haɗa tsohon yayi da na zamani a gida ɗaya ba tare da sun yi faɗa ba

Yawancin waɗanda na ga ɗakinsu ya lalace wajen haɗa salo biyu, kayansu masu kyau ne. Ga kabad na katako mai sassaƙa da aka gada, ga kujerun zamani masu siraran ƙafafun ƙarfe, ga fitila mai tsada a rataye. In ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya babu abin kushewa. Amma da ka shiga ɗakin sai idonka ya rasa inda zai sauka, kamar ka shiga wurin da aka jibge kaya ana jiran mai saye. Ba zan ɓata lokaci kan yadda ake riƙe burushi ko auna labule ba, wannan kowa zai iya. Zan bi matakan da na ga ana tuntuɓe a kansu ne, musamman guda ɗaya da ni kaina na sha wahalarsa.

Matakin farko, ka yanke shawara wane salo ne mai gida, wane ne baƙo. Kuskuren da ya fi yawa shi ne raba ɗaki biyu daidai, rabi tsoho rabi sabo, wai don a yi adalci. Ɗaki ba ya son irin wannan adalcin. Masu tsara gidaje sukan ce a bai wa salo ɗaya kamar kashi 80, ɗayan kashi 20, kuma na ga gaskiyar hakan a aikace. Sai dai ka lura, ba yawan kaya ake ƙirgawa ba, faɗin abin da ido ke gani ake dubawa: daɓe, bango, silin, da kujera mafi girma. Ƙananan kayan ado goma ba su kai nauyin bango ɗaya ba. Sau da yawa ma ginin ya riga ya zaɓar maka. Idan silin ɗinka dogo ne, bango mai kauri, tagogi masu baka, to tsohon yayi ne mai gida, kayan zamani su shigo a matsayin baƙi. Idan kuwa ɗaki ne mai miƙaƙƙun layuka da manyan tagogin gilashi, sai tsohon kabad ɗin nan ya zama baƙon da ake bai wa wuri mai kyau shi kaɗai. Kada ka yi gardama da gini. Za ka kashe kuɗi mai yawa, kuma shi zai yi nasara.

Mataki na biyu ba shi da daɗi, shi ya sa ake tsallake shi. Kafin ka sayi ko matashin kujera, a duba rufi ko yana yoyo, a duba wayoyin lantarki da bututun ruwa, a duba ƙasan bango ko akwai danshi. Idan kana so ka fasa bango don haɗa ɗakuna biyu, ka kira injiniya ya tabbatar ba shi ne ke ɗauke da nauyin sama ba; maganar magini kaɗai ba ta isa a nan ba. Tsohon fenti kuma kada a kankare shi a bushe ba tare da an gwada ba, domin da yawa daga fentin zamanin da yana da dalma a ciki. A Amurka sai a 1978 aka hana amfani da irinsa a gidajen zama, kuma ƙurarsa tana cutar da yara ƙwarai. Duk kuɗin da ka ware, wannan matakin ya fara ci, ado ya biyo baya.

Na uku, ka nemo zaren da zai ɗinke salon biyu. Abu ɗaya ya isa, biyu in ka matsa: launi, ko irin kayan da aka yi abu da shi, ko siffa. Dubi abin da ake kira Japandi, wato haɗin salon Japan da na ƙasashen Sikandinabiya da ke arewacin Turai. Nisan da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ne, amma sun zauna lafiya a ɗaki ɗaya saboda dukansu suna son katako marar yawan ƙyalli, kaya masu gajerun ƙafafu, da barin fili. Kai ma ka tsaya gaban tsohon kayanka ka tambayi kanka me ke jikinsa da zan iya maimaitawa. Idan mariƙan kabad ɗin na tagulla ne, to fitilar zamani da za ka saya ta kasance mai tagulla, firam ɗin madubi ma haka. Ni ƙa'idata sau uku ce: duk abin da ya bayyana sau ɗaya kuskure yake kama, in ya bayyana sau uku a wurare daban-daban sai ido ya gane da niyya aka yi. Ƙarfe kada ya wuce iri biyu a ɗaki. Launi kuma tsohon lissafin nan na kashi 60, 30 da 10 yana aiki har yanzu: babban launi na bango, na biyu na kujeru da labule, na uku ɗan kaɗan mai jan ido.

Katako yana buƙatar magana ta musamman. Mutane suna ta ƙoƙarin samo sabon teburi mai launi iri ɗaya da tsohon kabad, sai su ƙare da abin da ya kusa amma bai kai ba, wanda ya fi komai muni. Ka bar duhu da haske su bambanta yadda suke so. Abin da za ka daidaita shi ne launin da ke kwance a ƙarƙashi: wani katakon yana karkata zuwa ja ko ruwan zuma, wani zuwa ruwan toka. Ka ɗora farar takarda kusa da shi da rana, za ka ga inda ya karkata. Masu karkata wuri ɗaya suna jituwa ko da ɗaya baƙi ne ɗaya fari. In dole ne teburi mai ja ya zauna kan daɓen katako mai toka, shimfiɗa kafet tsakaninsu.

Yanzu ga mataki na huɗu, mahaɗa, wato daidai layin da tsohon gini ya taɓa sabo. A nan ne na fi so ka tsaya, domin a nan aikina ya taɓa rushewa.

Na taɓa ƙara ɗaki a jikin wani tsohon gida mai bango mai kauri da aka shafe da farar ƙasa. Burina a lokacin shi ne kada kowa ya gane inda aka yi ƙari. Na sa aka haɗe sabon bango da tsoho, aka bi layin da filastar siminti, aka goge sumul, aka shafa fenti ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ranar da aka gama, ko ni sai na lalubo da hannu kafin in gane wurin. Bayan wasu watanni sai ga wata siririyar tsaga kamar zare, ta taso daga silin ta sauko har daɓe, daidai kan layin da muka ɓoye. Aka cike ta, ta dawo. Aka sake cikewa, ta dawo da faɗi. A ƙasan tsohon bangon kuma, inda simintin ya hau kansa kamar taƙi biyu, fenti ya fara kumbura yana ɓarewa, in ka taɓa sai ka ji sanyin danshi, wani farin gishiri yana fitowa. Ga kuma daɓe: sabon tayil da abin da aka liƙa shi da shi sun ɗara tsohon daɓen da kusan santimita 2, duk wanda ya shigo sai ƙafarsa ta bugi wurin.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, ni ne ban tambaya ba. Tsohon gini ya gama zama a ƙasarsa shekaru da yawa, sabo kuwa yanzu ya fara, kuma bulo da siminti suna ɗan tsukewa yayin da suke bushewa. Zafi da sanyi ma ba sa motsa su daidai. Abubuwa biyu masu motsi daban in ka ɗaure su da abu mai tauri, dole wuri ya tsage. Batun danshin kuma, filastar farar ƙasa tana barin ruwan da ke cikin bango ya fita ya bi iska, siminti kuwa yana toshe shi, sai ruwan ya taru ya nemi hanya ta gefe. Saboda haka tsohon bango na farar ƙasa ko na laka, da irin kayansa ake gyara shi.

Ga yadda nake yi yanzu. A bar rata da gangan tsakanin tsoho da sabo, kamar santimita 1 zuwa 1 da rabi, miƙaƙƙiya daga sama har ƙasa, a cike cikinta da abin toshewa mai laushi irin wanda ke miƙewa ya dawo, a bar shi ya ɗan shige ciki. Ratar sai ta zama siririn layin inuwa mai tsabta, ginin kuma ya samu wurin motsi. Sabon ɓangaren kada ya kwaikwayi tsoho. Ya fito a matsayinsa na sabo, sumul, marar ado, ya bar tsohon ya yi magana. Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. Yarjejeniyar Benis ta 1964 kan gyaran tsofaffin gine-gine ta tanadi cewa abin da aka ƙara ya jitu da na asali amma a iya bambanta shi. Mai zanen gine-ginen Italiya Carlo Scarpa, a gyaran da ya yi wa gidan tarihi na Castelvecchio a birnin Berona, ya riƙa barin rata tsakanin sabon daɓe da tsohon bango yadda ba su taɓa juna ba. Dalar gilashin da mai zanen gine-gine I. M. Pei ya dasa a farfajiyar gidan tarihi na Louvre a Faris, wadda aka buɗe a 1989, ba ta ari ko ado ɗaya daga tsohuwar fadar da ke kewaye da ita ba. Abin da suka yi a manyan gine-gine shi ne za ka yi a ƙofar ɗakinka.

A daɓe, lissafin tudu ake fara yi kafin a zuba komai. Ka haɗa kaurin tayil da na abin liƙawa, ka rage shi daga tsayin simintin da za a zuba, don saman sabo da saman tsoho su zo daidai. Ka tsaya a wurin ranar da ake zubawa, domin in ya bushe gyaransa fasawa ne. Inda daɓe iri biyu suka haɗu, layin ya faɗo a ƙarƙashin ƙofa daidai, yadda in an rufe ta kowane ɗaki nasa kawai zai gani, a sa siririn ƙarfe ko katako a tsakani. Launin bango kuma a kusurwar ciki ake canja shi, inda bango biyu suka haɗu suka shige. Canja launi a tsakiyar bango ko a kusurwar da ta fito waje yana sa aiki ya yi kama da wanda fenti ya ƙare ana tsaka da shi. Wani zai ce duk wannan ƙarin kuɗi ne. Ƙarfen bakin ƙofa da abin toshe rata ba su kai kuɗin kiran magini sau uku kan tsaga ɗaya ba. Kuma kada ka yi gaggawar fenti a kan sabuwar filasta, ka ba ta makonni ta bushe har launinta ya zama ɗaya ko'ina.

Mataki na biyar, haske. Ƙwan fitila yana da lamba a jikin kwalinsa: 2700K zuwa 3000K haske ne mai ɗumi mai ɗan ruwan ɗorawa, 4000K tsaka-tsaki, 6500K fari fat mai karkata zuwa shuɗi. Tsohon katako da tagulla suna mutuwa a ƙarƙashin 6500K. Ka zaɓi lamba ɗaya ga ɗaki duka, ni 3000K nake sawa. Fentin da za ka gwada ma ka shafa shi a bango da faɗin rabin mita, ka dube shi da safe, da yamma, da kuma bayan an kunna fitila, kafin ka sayi bokiti.

Sauran jera kaya ne, kuma in matakan baya sun yi kyau wannan ba ya wahala. Fara da mafi girma. Tsohon teburin cin abinci da kujerun zamani suna tafiya tare muddin tsayi ya dace: teburi wajen santimita 75, mazaunin kujera wajen 45, amma ka auna naka domin tsofaffin tebura sukan zo da katako a ƙarƙashi mai tokare gwiwa. Hanyar wucewa kada ta gaza santimita 80. Hoto ko madubi, tsakiyarsa ta kasance kamar santimita 145 daga daɓe. Kada ka tara tsofaffin kaya a kusurwa ɗaya sababbi a ɗaya, ka gauraya su: fitilar zamani a kan tsohon kabad, tsohon madubi a saman sabuwar kujera. Kayan da ya fi kowanne daraja a wurinka ka bar masa fili hagu da dama. In ka gama, ɗauki hoton ɗakin da wayarka daga bakin ƙofa ka mai da shi baƙi da fari. Duk abin da ya yi tsalle ya fito a hoton, fitar da shi daga ɗakin na mako guda ka ga ko za ka neme shi.