Yadda za ka gyara sabis ɗin da ka saka da apt ba tare da afdet ya share maka aiki ba

Kwanaki wani ƙanena a harkar kula da sabar Linux ya kira ni ransa a ɓace, wai yana yin apt upgrade (umarnin afdet na Debian da Ubuntu) nginx ɗinsa, wato manhajar sabar yanar gizo, ya koma gidan jiya, duk gyaran da ya yi ya ɓace. Na ce masa ina ka yi gyaran, ya ce a cikin /lib/systemd/system/nginx.service. To nan gizo ke saƙa, wannan fayil ɗin ba naka ba ne, na fakej ne, duk sanda sabon ya zo dpkg, wato manhajar da apt ke amfani da ita wajen saka fakej, zai ɗora nasa a kai ko sallama babu, don bai ɗauke shi a matsayin fayil ɗin saiti ba.

Kuma fa an bar maka ƙofa, tun 2015 da Debian 8 da Ubuntu 15.04 suka koma systemd, wato manhajar da ke tayar da sabis tana kula da su. Ka buga sudo systemctl edit nginx, edita zai buɗe, sai ka rubuta iya abin da kake son canzawa, misali layin [Service], a ƙasansa LimitNOFILE=65536 ko Restart=on-failure. Zai adana maka shi a /etc/systemd/system/nginx.service.d/override.conf inda afdet ba ya taɓawa. In da hannunka ka ƙirƙiri fayil ɗin to kar ka manta da systemctl daemon-reload, sannan ka yi systemctl restart nginx. Kana son ganin na asali da naka a tare, systemctl cat nginx.

Inda mutane suka fi faɗawa shi ne ExecStart, layin da ke ɗauke da umarnin tayar da sabis ɗin. In shi za ka canza dole ka fara rubuta ExecStart= babu komai a gabansa, sannan a layi na biyu ka sa naka, in ba haka ba systemd zai ga guda biyu ya ƙi tayar da sabis ɗin, ka yi ta neman laifin a wani wajen. Ni kafin ma in kai nan nakan leƙa /etc/default tukuna, don wasu fakej ɗin sun ware maka wuri a can, kamar SSHD_OPTS a cikin /etc/default/ssh.

Saitin nginx kansa ka zuba naka a conf.d ko sites-available ka haɗa shi da sites-enabled, ka ƙyale nginx.conf in dai ba dole ba, kuma ka yi nginx -t don gwada saitin kafin ka sake loda shi. In ka taɓa fayil ɗin fakej a /etc, kuma sabon fakej ɗin shi ma ya zo da canji a cikinsa, dpkg zai tambaye ka ranar afdet, danna D ka ga bambancin tukuna, in ka riƙe naka zai ajiye sabon da .dpkg-dist a ƙarshen sunan. A Fedora da Red Hat .rpmnew za ka gani.

Wani abu da nake so ka riƙe, Debian da Ubuntu suna tayar da sabis da zarar ka saka shi, tun kafin ka saita komai, su kuwa su Red Hat yawanci sai ka ce systemctl enable --now. In ba ka son ya tashi ka ƙirƙiri /usr/sbin/policy-rc.d da zai fita da exit 101, ka yi masa chmod +x, ka gama saitinka ka goge shi.

Batun bayanai kuma gaskiya ina da ra'ayi mai ƙarfi, ka bar su a /var/lib. In faifan ya cika ka ɗora sabon faifai a kan wannan foldar maimakon ka kwashe su zuwa /home, don a Ubuntu kana canza wa MySQL (manhajar adana bayanai) wuri AppArmor, tsarin tsaron da ke iyakance inda manhaja za ta iya taɓawa, zai tare shi sai ka koma gyara nasa saitin shi ma. Sannan ka tuna da wanda zai gaji sabar ɗin nan bayanka, ƙarfe biyun dare abu ya lalace /var/lib da /var/log zai fara dubawa, ya buga systemd-delta ya ga duk inda ka sa hannu a fayilolin systemd.