Yadda Ake Ɗaga Gaban Akori-kura ta Hanyar Ɗaure Sandar Toshin

Kafin a taɓa sifana, ya kamata mai mota ya leƙa ƙarƙashinta ya tabbatar tana da abin da makanikai ke kira “toshin ba”, wato doguwar sandar ƙarfe da ta taso daga hannun tayar gaba ta miƙe zuwa wajen ƙasan kujerar direba, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ita ce ke aikin sifirin, sai dai maimakon ta lanƙwashe, murɗewa take yi idan taya ta hau tudu, sannan ta warware. Ana samunta a yawancin Toyota Hilux da aka ƙera kafin 2005, da Nissan Hardbody, da tsohuwar Mitsubishi L200, da yawancin bas ɗin Hiace. Hilux ta 2005 zuwa yau sifirin mai naɗi gare ta a gaba, saboda haka wannan aiki bai shafe ta ba.

Awo shi ne rabin aikin. A ajiye motar a kan daɓe mai daidai, babu kaya a bayanta, iskar tayoyin kuma ta zama ɗaya, sannan a auna da tef daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi a kowane gefe, a rubuta. Daga tsakiyar wili nake so a auna, ba daga ƙasa ba, domin taya mai ƙarancin iska tana iya ruɗin mutum. Sau da yawa za a tarar gefen direba ya ɗan fi zama ƙasa.

A ƙarshen kowace sanda ta baya akwai ɗan hannun ƙarfe da dogon noti ke riƙe da shi, kuma wannan notin ne ake juyawa. A goge masa laka da tsatsa, a fesa masa WD-40, wato man feshi mai sassauta tsatsa, tun ana gobe za a yi aikin. Ranar aiki a ja burkin hannu, a sa wa tayoyin baya weji, a ɗaga gaban motar har tayoyin su bar ƙasa, sannan a tokare ƙashin motar da matokaran ƙarfe. Kada wanda ya shiga ƙarƙashi alhali jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti ba abin dogaro ba ne, domin yana fashewa ba tare da ya ba da alama ba.

Sai a yi wa kan notin shaida da alli, a sassauta ƙaramin notin da ke kulle shi idan akwai, a ɗaure zagaye biyu cif a dama, biyu a hagu, ana ƙirgawa a fili. A sauke motar, a danna gabanta sau uku ko huɗu, a ɗan zagaya da ita ta zauna, a dawo wurin farko a sake awo. Wannan awo na biyu shi zai nuna nawa zagaye ɗaya ke ƙarawa a wannan motar, tunda kowace da irin nata zaren. A haka za a ci gaba kaɗan-kaɗan, kuma idan gefe ɗaya ya rage a ƙasa, shi kaɗai za a ƙara wa rabin zagaye. Kwance notin gaba ɗaya alhali sandar na murɗe haɗari ne babba, domin ƙarfin da ke cikinta ya isa ya karya hannu.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne wajen sanin iyaka. Ɗaure notin bai ƙara wa sandar ƙarfi ba, kuma bai ƙara wa taya filin motsi ba. Ya dai tura tayar ƙasa ne, abin da aka samu a tsayi an rage shi daga saukar da za ta yi idan ta faɗa rami. Akwai 'yar roba da ke tare hannun tayar idan ya kai ƙarshen saukarsa, kuma dole ne a bar rata tsakaninsu idan motar na tsaye a kan tayoyinta. Da zarar hannun ya zauna a kan robar, motar za ta riƙa duka kamar amalanke a kan gargada, boljoyin, wato mahaɗin da ke tsakanin hannun da tayar, ya riƙa ci da wuri, a mota mai jan ƙafa huɗu kuma robar da ke rufe mahaɗin shaf, ƙarfen da ke juya tayar gaba, ta yage saboda karkacewar da ta yi yawa. A ganina santimita 2 zuwa 4 ya wadatar, musamman ga wanda burinsa shi ne ya maido da gaban da ya zauna saboda tsufa ko nauyin bamba ta ƙarfe. Gatarin baya yana nan inda yake, babbar taya ce kawai ke ɗaga shi.

Idan tsayin ya yi, a ɗaure notin kullewa sosai, a wuce kai tsaye wajen masu alaimen, domin ɗagawar ta sauya tsayuwar tayoyin, kuma in an bar su haka za su cinye gefe ɗaya cikin ɗan lokaci. Da dare a haska fitilu a jikin bango a sunkuyar da su, kada su riƙa kashe wa masu tahowa ido. Bayan mako guda ana hawa, a koma kan daɓen nan a sake auna gefe biyun.